Zare: Amsar masu tambayata me nake ci a Chaina

1/ Duk wanda ya ji ina karatu a Chaina, tambayarsa ɗaya ce: "To kai me kake ci a can?" Wasu da tausayi suke yi, wasu da tsokana, wasu kuma sun riga sun yanke hukuncin na gama da kwaɗi na koma kan maciji. Yau bari in amsa gaba ɗaya in huta. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Garin da nake sunansa Xi'an, a baki "Shi-an". Babban birnin lardin Shaanxi ne, mutum kusan miliyan 13. Da can Chang'an ake ce masa. Nan ne fadar daular Tang (618 zuwa 907), kuma daga nan ayarin hanyar siliki ke tashi ya nufi yamma. Sojojin nan na yumɓu da kuke gani a hoto, waɗanda manoma suka ci karo da su suna haƙa rijiya a 1974, a bayan garin suke.

3/ Har yau garin na da ganuwa, kusan kilomita 14, a tsaye cur, har keke ake tuƙawa a samanta. Bakano in ya gani sai ya yi shiru ya tuna badala. Wannan zancen wata rana ne.

4/ Abu na farko da za ku cire daga kai: wai duk ɗan Chaina shinkafa yake ci. A kudu ne haka. Akwai jerin duwatsu kudu da Xi'an, Qinling, su ne kamar iyaka. Ƙetarensu ƙasar ruwa da shinkafa, wannan ɓangaren ƙasar alkama. Mutumin nan in ya kwana biyu bai ci taliya ko gurasa ba gani yake bai ci abinci ba, kamar dai ka ba tsohon ƙauyenmu indomi a madadin tuwo.

5/ Na biyu, kuma shi ne ainihin abin da ke bayan tambayar taku: halal. Tsoron nan ba na banza ba ne, ba zan raina shi ba. Alade shi ne naman yau da kullum na yawancin mutanen ƙasar. Har ta kai in ka ga an rubuta 肉 (rou, wato nama) shi kaɗai a jerin abinci, ba a faɗi dabbar ba, to alade ake nufi.

6/ Kuma ba a naman kaɗai matsalar ta tsaya ba. Kana iya cewa a ba ka ganye zalla, a soya maka shi da kitsen alade, ko a zuba masa romon ƙashinsa, ko a ɗiga masa giyar girki da suke ce wa liaojiu. Mai abincin ba cutarka ya nufa ba, shi a wurinsa ai "babu nama". Don haka dabarar "ni ganye kawai zan ci" ba ta fisshe ka.

7/ Abin da ke fisshe ka haruffa biyu ne: 清真. Qingzhen, a baki kamar "cing-jan". Ku ɗauki hotonsu ku ajiye a waya. Asalin ma'anarsu tsarki da gaskiya, kuma da su Musulmin ƙasar ke kiran halal. Masallaci ma qingzhen si suke ce masa. Galibi a kan koren allo za ka gan su.

8/ Da ana haɗawa da rubutun Larabci, ka hango shi tun daga nesa. A 'yan shekarun nan hukuma ta sa an cire Larabci daga allunan shaguna da yawa a ƙasar. Wanda ya tsaya jiran ganin Larabci zai wuce gidan abincin Musulmi goma yana hamma. Haruffan Sinancin su ne abin riƙewa. Ku ƙara da waɗannan: 牛 sa, 羊 rago, 鸡 kaza, 猪 wancan da ba a faɗa.

9/ Akwai wata tsohuwar alama da ta fi duk waɗannan burge ni. A wasu shagunan za ka ga zanen wani abu mai dogon hanci kamar tukunyar shayi. Buta ce fa. Tangping suke kiranta, butar alwalarsu, kuma tun da can mai abinci kan rataya hotonta don matafiyi ya san nan gidan masu salla ne. Ka ƙetara rabin duniya ka tarar buta ce shaidarka.

10/ Masu waɗannan shaguna 'yan ƙabilar Hui ne, sun haura miliyan 11 a ƙasar. Ba Uigur ba ne, mutane na yawan haɗa su. Hui Sinanci ne harshensu, kamanninsu na sauran 'yan Chaina, abin da zai nuna maka su farar hula ce a kan namiji, ɗankwali a kan mace. Asalinsu na komawa ga fatake da sojoji da masu sana'a, Larabawa da Farisawa da mutanen tsakiyar Asiya, da suka zauna suka yi aure tun ɗaruruwan shekaru.

11/ A Xi'an unguwarsu na cikin ganuwa, bayan Hasumiyar Ganga da aka gina a 1380. Baƙi na ce mata Huimin Jie, titin Musulmi. 'Yan gari kuwa Fangshang suke cewa. Ba titi ɗaya ba ne, lunguna ne sarƙe da juna, masallatai a tsakani, babura masu lantarki na ta danna maka ham a bayan ƙafa. Kurmi ce, amma ta abinci.

12/ Shawara kyauta: babban titin da za ka fara shiga, Beiyuanmen, na masu yawon buɗe ido ne. Fitilu, ihu, samari na dukan alewar gyaɗa da guduma, tsire a kan reshen itace mai tsawon kamu ɗaya. Ka bi ka ba idonka abinci, ka ɗau hoto, amma kada ka cika ciki. Ci gaba da tafiya yamma, Dapiyuan, Sajinqiao, har sai ka fara ganin tsofaffi da silifas riƙe da kwanon gida. Nan ne.

13/ Karin kumallo a can ake yinsa. Rouwan hulatang: miya mai kauri kamar an dama kunu, cikinta 'yan dunƙulen naman sa, dankalin Turawa, kabeji, karas. (Kun ga rou ya fito a sunan, amma a ƙarƙashin koren allo rou sa ne ko rago.) A ɗebo ta daga ƙatuwar tukunya, a yarɓa mata jan man barkono, a miƙo maka gurasa ka gutsuttsura a ciki. Ranar da ruwa ke daskarewa a kwata, kwano ɗaya zai sa ka cire hular sanyi.

14/ Cokali na uku za ka ji leɓenka ya fara rawa, harshe kamar ka lashi batir. Ba guba ba ce 😂 Huajiao ne, wata 'yar jar ƙwaya da aikinta sandarar da baki. Dangin fasaƙwari ce, wanda iyayenmu mata ke sawa a kayan yaji. Lardin na noma ta sosai, garin Hancheng da ita ya yi suna.

15/ In kai mai son zaƙi ne da safe, nemi mai keke mai ƙafa uku da ƙatuwar tukunya lulluɓe da tsumma. Zenggao kenan: shinkafa mai danƙo, jan wake, da abin da suke kira jan dabino, an jera hawa-hawa an turara har sun narke sun zama abu ɗaya. Jan dabinon nan ba dabino ba ne, ɗan'uwan magarya ne, sai dai nasu ya samu gata ya yi ƙiba.

16/ To, abin da ya sa na buɗe zaren nan ke nan zan shiga. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, ya fi shekara goma yana zuwa Guangzhou sayen kaya. Duk zuwa rabin jakarsa garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da yaji da indomi. In sun ƙare ya nufi gidajen abincin 'yan Afirka a Xiaobei. Shekara goma, bai taɓa sa girkin ɗan Chaina a bakinsa ba. Duk dawowarsa gida sai an ce, "Alhaji ka rame."

17/ Ba shi kaɗai ba ne. Na san ɗalibai a nan da suka yi shekara huɗu tsakanin tukunyar ɗakinsu da soyayyar kazar kanti, suka koma gida ba su san ɗanɗanon garin da suka zauna ba.

18/ Bara na lallaɓa shi ya hau jirgin ƙasa mai gudu ya zo ya ganni. Daren farko na ce mu je Fangshang. Ya kalli koren allon, ya kalli mai farar hula a bakin tukunya, ya ce: "Kai yaro, waɗannan nasu Musuluncin ka tabbata ya kai ga yanka?"

19/ Tambayar nan gida biyu ce. Gida na farko haƙƙinsa ne: wa ya yanka, ya ya yanka? Kowane Musulmi na da damar tambaya, kuma su kansu Hui sun fi mu tsanantawa a nan. Da yawansu ba sa cin abin da aka dafa a tukunyar da alade ya taɓa shiga, ko an wanke ta sau nawa. Wasu dattawan ko kofin gidan da ba na Musulmi ba ba sa sha da shi.

20/ Gida na biyu kuwa raini ne, kuma mu faɗi gaskiya muna da shi. Mu da Larabawa kaɗai muka yarda Musulmi ne na sosai, sauran duk sai mun duba. Alhali mu ma a Makka akwai mai kallonmu da irin wannan idon, kuma mun san yadda yake ci mana rai.

21/ Ban yi masa wa'azi ba, wane ni. Na ce, "Kawu ku bari gobe Juma'a ce, mu fito da wuri." Da safe muka bi layin mahauta, raguna da shanu rataye a ƙugiya, tururi na tashi. Ya ce in tambayar masa wa ke yanka. Mahaucin ya ce ahong. Ahong shi ne malam ko liman a wurinsu. Ya ja yatsa a wuyansa, ya karanto bisimilla da lafazinsa na Sinanci. Kawu ya ce, "To." "To" ɗin nan ba ta yarda ba ce, ta "ina jin ka" ce.

22/ Daga nan babban masallaci na lungun Huajue. In ba a gaya maka ba ba za ka ce masallaci ne ba. Babu ƙubba, babu doguwar hasumiya irin tamu. Katako ne da rufi mai lanƙwasassun baki, tsakar gida bayan tsakar gida, bishiyoyi, ƙofa bayan ƙofa, duk suna kai ka yamma, don daga Chaina alƙibla yamma take. Wani rubutu a jikin dutse a harabar ya ce an kafa shi a 742. Yawancin ginin da ke tsaye yanzu daga zamanin daular Ming ne zuwa bayanta.

23/ 742 fa. Ku lissafa da kanku.

24/ A cikin zauren salla an sassaƙa Alƙur'ani a jikin allunan katako, bango ya zagaye. Kawu ya sa tabarau ya matsa kusa, ya bi layi da yatsa yana motsa baki. Mazhabarsu Hanafiyya ce. Ƙira'ar liman da karin harshensu take fita, amma Fatiha ce, ba abin da ya ragu. Juma'a zhuma suke ce mata. Sadaka kuma nietie, daga kalmar niyya.

25/ Abin da ba zan ɓoye muku ba: baƙar fata a garin nan abin kallo ne. A titi ana ɗaukarka hoto ba a tambaye ka ba, yara na nuna ka da yatsa, wani lokacin abin na gundura. A harabar masallaci ma ana kallo. Bambancin shi ne a nan kallon na ƙarewa da sallama. Wani tsoho ya kama hannun Kawu da hannu biyu ya ƙi saki, suna ta surutu, ba wanda ke jin wani.

26/ Tsohon ya ciro wata soyayyar gurasa daga leda ya ba shi. Youxiang kenan, ƙullun alkama da ake soyawa a rabar ranar sadaka ko addu'ar mamaci, yadda ake rabon waina ko ƙosai a wurinmu. Kawu ya riƙe ta kamar zai ba ni. Sai na ga ya gutsura. Shekara goma ta karye a kan gurasar sadaka.

27/ Tunda ƙofa ta buɗu sai na kai shi ga sarkin abincin garin, yangrou paomo. Yangrou naman rago, pao jiƙawa, mo gurasa. Gurasa a romon rago. Da jin sunan za ku ce ai bandashe ne. A'a, ku dakata.

28/ Ka shiga, ka biya, ka faɗi gurasa nawa kake so. Sai a miƙo maka ƙaton kwano, BABU KOMAI a ciki, da gurasa biyu masu tauri kamar faifai. Shi kenan. Ka nemi wuri ka zauna ka fara aiki. Kai za ka marmasa gurasar da hannunka, ƙanana-ƙanana, kowace kamar ƙwayar waken suya.

29/ Kawu ya kalli kwano, ya kalle ni. "Na biya kuɗina, kuma ni zan yi musu aikin?" 😭

30/ Akwai dalili. Gurasar nan, tuotuo mo, kusan duk ƙullunta ba ya tashi, kuma ba a gasa ta ta nuna sarai. Da gangan ne, don za a sake dafa ta a romo. Gurasarmu mai laushi in ta shiga tafasasshen romo ta zama kunu. Wannan kuwa tana shan romon ta riƙe jikinta. In ka yi manyan gutsattsari, waje ya jiƙu ciki ɗanye. In ka yi ƙanana daidai wa daida, kowace ƙwaya ta sha ta ƙoshi.

31/ Akwai injin yankawa ga mai sauri, amma 'yan gari na kallon mai cin na inji kamar yadda Bazazzagi zai kalli mai cin tuwo da cokali. Wuƙa na barin gefe sumul, yatsa na barin gefe kaca-kaca, kuma kaca-kacan ne ke kama romo. Yadda ake yi: ka raba gurasar biyu, ka raba huɗu, ka ɓare kowace ta tsakiya ta zama siririya, sannan ka dinga tsinka da bakin farce.

32/ Minti ashirin zuwa talatin yake ci. Babban yatsa har ciwo yake. Kuma waya ba ta taɓuwa, hannu biyu duk suna aiki. Ka duba zauren ka ga mutane kai a sunkuye, hannu na tafiya, baki na tafiya. Tsofaffi na zuwa tun safe su yi ta marmasawa suna hira. A ganina rabin abincin zaman ne. A cikin wannan rabin awar Kawu ya ba ni labarin yadda ya fara kasuwanci da tiren sayar da batir, labarin da ban taɓa ji ba duk zamana da shi.

33/ In ka gama a maƙala wa kwanonka lamba, a ba ka 'yar'uwarta, a tafi da shi kicin. Kowane kwano daban ake dafa shi a ƙaramar tukunya kan wuta mai ƙarfi: romon da ya kwana yana dahuwa da ƙashi da kayan ƙamshi, yankan nama, taliyar sitaci siririya mai ɗaukar ido, sai gurasarka. Taka, ba ta wani ba. Kuma kuku na ganin aikin hannunka ya san ko kai ɗan gari ne.

34/ Har yawan romo sunaye gare shi. Gan pao, wanda gurasa ta shanye romon tas. Kou tang, wanda in ka gama za a bar maka kurɓi ɗaya a gindin kwano. Sai shui wei cheng, "ruwa ya kewaye gari", gurasa a tsakiya kamar tsibiri. Ni ɗan kou tang ne.

35/ Yana zuwa da abokan tafiya: ɗanyen ganye mai ƙamshi, niƙaƙƙen barkono, da tafarnuwa da aka jiƙa a sukari da ruwan khal har zafinta ya mutu ta koma zaƙi-zaƙi. Ita ke yanke maiƙon. Kuma ba a juya paomo. Daga gefe ake ci, kaɗan-kaɗan, ana matsowa tsakiya, don zafi da ƙamshi su zauna har loma ta ƙarshe. Duk wanda ya iya cin tuwo mai zafi ya san wannan karatun.

36/ Hukuncin Kawu? Ya yi loma uku shiru. Sannan ya sa hannu a aljihun babbar riga ya ciro ƙullin yajinsa na gida ya barbaɗa 😂 Ya ce romon ya yi, naman ya dahu, amma "mutanen nan ba su san daddawa ba." Ya cinye tas, har ya sa na tambayi ko ana ƙara gurasa.

37/ Ba komai ya karɓa ba fa. Washegari na sayo liangpi, ya ɗaga murfi ya mayar. "Taliyar da ta huce ai ta kwana ce." Ya ƙi. Har ya tafi bai taɓa ba.

38/ Shi ya yi asara, don liangpi abin zafi ne, ina nufin lokacin zafi, da garin ke yin kamar Sakkwato. Yadda ake yinta ma abin kallo ne: a kwaɓa alkama, a dinga wanke ƙullun a ruwa kamar ana wanki har sitacin ya fita, a bar ruwan ya kwanta, a turara shi falle-falle, a yanka. Abin da ya rage a hannu mai danƙo a turara shi daban ya zama kamar soso. A haɗa da ruwan khal, tafarnuwa, man barkono. A Fangshang har da niƙaƙƙen riɗi mai kauri.

39/ Taliya kuwa iri-iri ce, ba zan iya bin su duka ba. Wadda kowa ya sani biangbiang, mai faɗi kamar bel ɗin wando, uku ma sun cika kwano. Sunan daga ƙarar da take yi ne in ana maka ta a kan tebur ana ja. Harafin rubuta "biang" zane hamsin da wani abu ne, 'yan Chaina da yawa ba sa iya rubuta shi da ka.

40/ A tsamo ta, a ɗora garin barkono da tafarnuwa da albasa mai lawashi, sannan a kwarara tafasasshen mai a kai. Caaa! Wannan ƙamshin shi ne ƙamshin Xi'an. Barkonon nan da suke ji da shi ma baƙo ne, daga nahiyar Amurka ya iso Chaina wajen ƙarshen ƙarni na 16, kamar yadda ya iso mana. A kan tebur za ka ga ɗanyar tafarnuwa, ana ɓarewa ana gatsa tsakanin loma. Daɗi kam akwai, amma in sallar jam'i ta kusa ka tausaya wa sahu.

41/ Masu awara, ku ma an san da ku. Nan ne gidan kakanninta, doufu sunanta. Akwai mai laushi kamar kindirmo da ake sha da safe da man barkono, akwai soyayya, akwai busasshiya. Akwai kuma wata mai wari da ake soyawa a titi, wadda za ka ji ta kafin ka gan ta. Wannan ni da ita sai gaisuwa daga nesa.

42/ Gargaɗi a kan roujiamo, wanda ake tallatawa a intanet da sunan "bagar Chaina". Kun dai ga rou a farkon sunan. A wajen unguwar Musulmi, na asali alade ne. Na Fangshang da la niurou ake yi, naman sa da aka jiƙa a gishiri kwanaki sannan aka dafa har ya yi ja yana marmashewa, a tsaga gurasa mai zafi a cusa. Suna kama a ido. Allon shago za ka duba, ba gurasar ba.

43/ La niurou ɗin ana sayar da shi a awo, da jin, wato rabin kilo. Gab da sabuwar shekararsu za ka ga layi ya miƙe a ƙofar shagunan tun duhun asuba, kuma yawancin masu layin ba Musulmi ba ne. Garin gaba ɗaya ya sallama wa Hui sha'anin naman sa da rago.

44/ Da dare sai tsire, kaorou. A nan zan tsaya wa gida: namu ya fi. Babu ƙuli, babu wannan maiƙon man gyaɗa. Nasu 'yan mitsi-mitsin nama ne a kan tsinken ƙarfe, gishiri, barkono, da ziran, ɗan irin nan mai ƙamshi da Larabawa ke ce wa kammun. Loma ɗaya tsinke ɗaya. Shi ya sa ba a sayen biyar, damtsi ake ajiye maka, in ka gama a ƙirga tsinkayen a faɗi kuɗi.

45/ Wasu masu tsiren a wajen unguwar suna haɗawa da giya, a kula. A cikin Fangshang shaguna da yawa sun liƙa takardar hana shigowa da ita. Abin shan wurin suanmeitang ne, baƙin ruwa mai tsami-tsami da zaƙi da ake dafawa da busassun 'ya'yan itace, tsakanin zoɓo da ruwan tsamiya. Ko Bingfeng, lemon kwalba na garin, wanda duk ɗan Xi'an ya tashi da shi.

46/ Biyan kuɗi da waya ne, WeChat ko Alipay. Mai tallan gyaɗa ma da lambarta rataye a wuya. Ku haɗa wannan kafin ku fito yawon ci, don canji na wahala.

47/ Yanzu kaka ta shigo, lokacin shizi bing ke nan. Akwai wani ɗan itace ja mai laushi da ake kawowa daga Lintong, can wajen sojojin yumɓu, wanda in ya nuna zuƙe shi ake yi kamar zuma. Dangin kanya ne, kanyar nan da muke jifa muna yara, sai dai ya ninka ta girma. Ana kwaɓa shi da fulawa ba ruwa, a cusa masa riɗi ko gyaɗa da sukari, a soya a faffaɗar tanda a hankali har bayansa ya yi ƙyalli.

48/ Da zafinsa ake ci, a tsaye, a bakin tandar. In ya huce ya zama roba. Cikin kuma ya fi wajen zafi nesa ba kusa ba, don haka a fara da ɗan gatsa a bar tururin ya fita.